Kujerar Gaba a Motar Kawu

'Yata ce ta tona zancen, kuma ba da niyya ba. Muna cin abincin rana, ta ɗago kai bakinta duk miya ta ce, "Umma, yau ni ce mai gani." Na ce mai ganin me? Ta dube ni kamar na yi tambayar da ko jariri ya san amsarta, ta ce, "Mai ganin lagna mana." Shekarunta bakwai a lokacin, ba ta daɗe da fara famfara ba.

Lagna shi ne shingen da 'yan sanda ke kafawa a titi suna tare motoci suna duba takardu. A ƙarshen 2013 Alƙahira ta cika da su. Sai ka kwana babu komai a titinku, ka wayi gari ka tarar an jera robobi ja da fari an tsaya. Muna zaune a unguwar Hayyin Ashir, maigidana yana fama da rubutun digirinsa na uku, ni ina fama da shi da yaransa. Makarantar yaran da ɗan nisa, shi ya sa mu 'yan gidajen Hausawa da ke kusa da juna muka haɗa yaranmu a motar mutum ɗaya, ƙaramar bas ɗin nan da Misirawa ke kira tumnaya.

Mai jan motar yara suna ce masa Kawu, mu ma iyaye muka bi bakinsu. Mutumin gida ne, ya zo karatu tun da daɗewa, karatun ya ƙi ci, tallafin ya yanke, iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu, shi kuma ya riga ya yi iyali ya zauna. Motar ma ba tasa ba ce, ta wani Bamisire ce mai shagon kayan masarufi. Kowa a cikinmu ya san Kawu ba shi da lasin, kuma kowa ya san dalili: ba a ba baƙo lasin sai yana da iƙama mai rai. Mun sani mun yi shiru, domin mutum ne mai kirki, ba ya makara, ba ya tsawa, yaro ko ya yi amai a motarsa shi zai wanke da hannunsa bai faɗa wa kowa ba.

Abin da ban sani ba shi ne wannan sarauta ta mai gani. Na ajiye cokali na ce ta yi mini bayani. Ashe kullum yaro ɗaya ne ke zama a kujerar gaba, bi da bi, aikinsa ya ƙura wa titi ido. Da ya hango robobin nan ko kayan 'yan sanda sai ya ce, "Kawu, lagna!" Kawu ya karya kwana ya shige lungu, mai gani ya samu alewa. Har faɗa suke yi a kan wanda zai zauna. Na ce to shi Kawun me yake kallo? Ta ce, "Shi ai ba ya gani da nisa." Haka ta faɗa, hankalinta kwance, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Washegari na yafa hijabi na sauka da ita, na ce wa Kawu ina da magana da malamar ajinsu, ya rage mini hanya. Ya yi murna har da share mini kujera. Na zauna a baya cikin jakunkuna da gorunan ruwa. Ranar ɗan maƙwabciyata ne mai gani, an ɗora shi a kan matashi don ya kai tagar, ba bel ba komai, ya dafa gaban motar da hannu biyu kamar mai leƙen katanga.

Ni dai na san hanyar makarantar nan, miƙaƙƙiya ce, babban titi ne mai faɗi. Kawu bai taɓa ta ba sai da ya zama dole. Muka bi bayan kasuwa, muka ratsa tsakanin masu kayan lambu, muka hau dakalin masu tafiya da ƙafa da taya biyu. Da muka fito babban titin, ba mu yi nisa ba yaron ya ƙwala, "Kawu, lagna!" Ni ma na hango, can gaba. Kafin in rufe baki Kawu ya murɗa sitiyari ya faɗa wani titi da motoci ke fitowa daga cikinsa, mu kaɗai muke shiga. Hon ta ko'ina, zagi ta ko'ina. Ga wani mai keke ɗauke da katakon burodi a ka ya nufo mu, ina ganinsa, yaran suna ganinsa, Kawu bai taka birki ba sai da yaron ya ce, "Keke! Keke!" Mai keken ya kauce da ƙyar, burodi biyu suka faɗo a kan gilashinmu. Yaran suka fashe da dariya. Ni kuwa salati nake yi, na riƙe 'yata har sai da ta ce ina ji mata ciwo.

A ƙofar makaranta na jira yara suka shige. A tsallaken titi akwai kantin magani da allonsa, harufan kowanne ya kai tsawon yaro. Na ce, "Kawu, don Allah me aka rubuta a can? Na manto tabarauna." Ƙarya nake yi, ban taɓa sa tabarau ba. Ya kanne ido, ya karkata kai, ya yi dariya ya ce, "Malama, hasken rana ne ya yi yawa yau."

Na ce, "Rana tana bayanmu, Kawu."

Ya ce, "Idona garau yake. Khalas, shi ke nan, kar ki sa wa ranki damuwa. Shekara nawa ina kai su?"

Na koma gida a ƙafa rabin hanya don in huce, ban huce ba. Na tarar da maigidan a cikin littattafansa, na zayyana masa komai, har burodin. Ya cire tabarau, shi mai tabaraun gaske, ya murza ido ya ce, "Ke dai kin cika zafi. Bawan Allahn nan rufin asiri yake nema. In kika ɗaga maganar, ina kike so ya sa kansa?" Na ce ni ba kansa ne ya dame ni ba, kan 'yata ne, wanda ke daf da gilashi ranar da layi ya zo kanta. Ya ce Allah ne mai tsarewa. Na ce na sani, amma ko a karatunku an ce a ɗaure raƙumi tukuna. Ya mayar da tabaraunsa.

Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya kira wani abokinsa da ya yi lasin a garin, ya tambayo mana yadda ake yi. Abokin ya lissafo: fasfo mai iƙama, sai takardar likitan ido, sai ta wani likitan, sai gwajin tuƙi. Da na ji "likitan ido" sai da na miƙe tsaye. Wato akwai wurin da aka tanada musamman don a gano irin matsalar Kawu, a ce masa sa tabarau, ko je a yi maka aiki, ko sauka daga mota. Amma ba zai taɓa isa wurin ba, domin tun a takarda ta farko za a sallame shi. Iƙamar kuma ba ta sabuntuwa sai da shaidar karatu ko ta aiki, shi kuwa ba shi da ko ɗaya, ga tsoron in ya kai kansa a ce ya tattara ya bar ƙasar.

Wannan abu ya ƙona mini rai, har yau in na tuna sai na ji zafinsa. Hana shi lasin bai sauke shi daga titi ba, kullum da safe yana kai da mota cike da 'ya'yan mutane. Abin da hanin ya yi kawai shi ne ya tabbatar ba wanda zai duba idonsa, ba wanda zai gwada tuƙinsa, sannan ya kore shi daga titi mai kyau ya tura shi lungu da hannun da ba nasa ba. Shi kuma ya samu abin fakewa, yana ta cewa idonsa garau, tunda inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ban ce a ba kowa iƙama ba, wannan ba hurumina ba ne. Amma mutumin da ke riƙe da sitiyari, ko daga sama ya faɗo, ai a duba ko yana gani.

Na samu Kawu da yamma yana goge motar a ƙasan bene. Na ce, "Kawu, akwai likitan ido mai zaman kansa nan bayan masallaci, ba ya tambayar fasfo. Mu je, ni zan ɗauki nauyi." Ya ci gaba da goge gilashin da ba ya gani ta cikinsa. Can ya ce, "Malama, in ya ce tabarau ne, tamam, ba laifi. In kuma ya ce in daina tuƙi fa? Yarana huɗu. Ke za ki ciyar da su?" Na ce to nawa yaran fa? Muka tsaya muna kallon juna, tausayinsa yana cina, haushinsa yana cina, na rasa wanda ya fi.

Sai na tara matan. Na dafa shayi, na soya cincin, na zaunar da su a falona na faɗa musu abin da idona ya gani. Na zaci za su zabura. Wata ta ce ai ita ta daɗe da sanin wasan mai gani, ɗanta har ya iya bambance motar 'yan sanda daga nesa, tana faɗa tana alfahari. Babbarmu, wata Hajiya da ta fi mu daɗewa a garin, ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, mu baƙi ne a ƙasar mutane. In ba mu rufa wa namu asiri ba, wa zai rufa mana? Ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi a motar nan ba." Na ce, "Hajiya, sai an yi za mu yi magana? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne." Ashe na faɗi kalmar da kowa ke gudu. Hajiya ta ce in ji tsoron Allah, bawan Allah ba makaho ba ne.

Daga ƙarshe suka yanke shawarar da suka kira maslaha: daga yau ba ɗan wanda zai sake zama a kujerar gaba, duk su koma baya. Suka yi ta gyaɗa kai, sun warware matsala. Na ce, "Jama'a, kun ji abin da kuka yi kuwa? Idon motar kuka cire, kuka bar yaran a ciki." Aka ce ni dai ba a iya mini. Suka shanye shayina suka tafi.

Na cire 'yata. Ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, wai saura kwana kaɗan layinta ya zagayo. Matan suka rage gaisuwa, aka ce na fi kowa son ɗa. Kawu kuwa bai canza mini fuska ba, ya aiko da gorar ruwanta da ta manta a motar, a wanke. Na koma kai ta da kaina, mu tsaya a bakin titi mu yi kokawar shiga motar haya da ma'aikata da 'yan jami'a, in dawo in tarar da wanke-wanke yana jirana. Ina yi ina mita, maigidan yana cewa ni na zaɓa.

Wata safiya muna tsaye muna jiran mota, sai 'yata ta ja hijabina ta ce, "Umma, ga Kawu." Tumnayar ta fito daga lungu a hankali, bayanta cike da yaran maƙwabtana. Kujerar gaba ba a bar ta haka ba. An ɗora matashi biyu, a kansu wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce da kayan gida, ko makaranta ba ta isa shiga ba, ta miƙa wuya, ta dafa gaban motar da hannu biyu. Autarsa ce.

'Yata ta taɓe baki ta ce, "Ai ba ta iya ba. Komai ja ta gani sai ta ce lagna."

Suka zo daf da mu, tazarar ba ta fi faɗin ɗaki ba. Na ɗaga hannu, ban ma san me nake so in ce ba. Yarinyar ce ta gan mu, ta taɓa hannun babanta ta nuna. Kawu ya saki fuska, ya danna hon, ya ɗaga hannu da fara'a yana gaida wata mata da ke tsaye can gefe da mu, sannan ya hau babban titi.