Katin da Aka Shanya da Citta

Jikokina dariya suke yi in na ce kwamfutar da na fara aiki da ita ta fi ɗakin girkinmu girma. Su yi ta yi. Waccan ba a shafa ta da yatsa. Kati ake huda mata, kowane layin umarni da katinsa, a jera su daki-daki, in ɗaya ya kauce ta watsar da aikin duka. Har yau ina kewar sanyin ɗakin nan da ƙarar firinta kamar ana sussukar dawa.

A wani ofishi a Kaduna nake lokacin, cikin 'yanmatan da ke huda kati. Maza su rubuta furogiram, mu huda, shi ke nan. Ni kuwa na ƙi. A ɓoye na koyi rubutawa, na yi ta damun oganmu har ya gaji, ya ce bayan Kirsimeti zai ba ni injin sau ɗaya. In injin ya karɓi furogiram ɗina, na koma teburin maza, in ya ƙi, kada in sake ɗaga maganar.

Na rubuta nawa, na huda, na ɗaure katunana da roba cikin kwali, na hau jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, daga nan mota ta kai ni ƙauyenmu a bayan Kwoi. Lokacin haƙar citta ne, duk duwatsun bayan gida shanya ce.

Washegari na je gaida kakata. Ina dawowa na hango katunana baje a kan dutse, gefen citta, kaji na tattaki a kai. Mama ce ta buɗe kwalin, ta ga ramuka, ta yi abin da kowace mace mai hankali za ta yi a garinmu.

"Gara ya shiga takardanka," in ji ta da Hausarta. "Na sa shi a rana."

Na yi kuka, na yi masifa, har maƙwabta suka leƙo. Baba, wanda dama malamar makarantar mishan yake so in zama, ya ce wannan ishara ce daga Ubangiji, aikin da kaza za ta iya rushewa ba aiki ba ne. Wani dattijon ikilisiya ya goya masa baya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce musu Ubangiji bai aiko kaza ba, Mama ce ta kwance roba.

Aka tafi sujadar Kirsimeti, ban je ba. Ana can a coci zumuntar mata na waƙa suna kaɗa tulu, ni ina kan tabarma ina karanta ɗan rubutun da ke saman kowane kati, ina neman wanda ke bin wani. Abin da na rubuta da kaina, ai ina jin sa kamar waƙar da na haddace. Da na kai tsakiya sai waƙar ta yi tsalle, kati ɗaya babu. Ƙanwata ta ce ta ga akuyarmu tana tauna wani abu.

Na koma Kaduna, na sake huda waɗanda suka lanƙwashe, wanda aka cinye kuma na huda shi da ka. Na miƙa kwalin ta tagar ɗakin injin, har yanzu yana ƙamshin citta. Injin ya zuƙe katunan, tef ya juya, firinta ta kama aiki, ba ta tsaya ba sai ƙarshe.

Oga ya yage takardar, ya daɗe yana dubawa, ya kalli mazan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tambaye ni wa ya rubuta mini.

"Ni na rubuta, ranka ya daɗe. Har da wanda akuya ta ci."

Ban jira ya nuna mini kujera ba. Na ɗauko jakata daga ɗakin huda, na ja kujera kusa da taga a teburin maza na zauna.