Keken Labbo Mai Auna Waƙa

A kasuwar Bukkuyum, tun zamanin da ɗinkin yunifom ɗin 'yan firamare ya cika wa teloli hannu, duk wanda ya kai wa Labbo Tela yadi ya san riga zai samu, kuma sai ya sha sharhi kyauta. A Anka Labbo ya koyi ɗinki, wurin wani dattijo mai rera waƙoƙin wa'azi na malaman da yana taka keken ɗinki. Daga can ya taho da kekensa da sana'a biyu, ta biyun ba wanda ya aike shi.

Rediyonsa na rataye a jikin ginshiƙin rumfa. In an sako tsohon wasan kwaikwayo, sai ya dakata da allura a baki.

"Ku ji wanga alƙali. An ce tsoho na, amma muryar ko aure ba ta yi ba. Kuma wa ka yanke hukunci bai yi gyaran murya ba?"

Waƙa kuwa ma'auninta daban. Sai ya sa a rera, shi kuma ya taka keke. In baiti ya tafi daidai da takun, ya ce mawaƙin ya san aikinsa. In ya saɓa, sai ya ɗage ƙafa ya ce, "Ta karye." Malaman da suka daɗe da kwanta dama ma ba su tsira ba. "Allah shi jiƙan malam," in ji shi, "amma baitin ga gajere na."

Wanda ya fi kowa shan wannan awo shi ne Haladu Mai Bege, mutumin Gummi, wanda ke rera waƙoƙin yabon Annabi da na wa'azi a ƙofar gidan liman duk Mauludi. Kowace ranar kasuwa sai ya zo ya zauna a bencin Labbo, ya rera, a ce ta karye, ya ci gyaɗar mai rumfa ya tafi.

A shekarar da dattijon nan na Anka ya rasu, Labbo ne ya ɗinka masa likkafani. Da ya dawo sai ya rage surutu, ya fara motsa baki yana taka keke. Matarsa Dija ta zaci ciwon haƙori ne. Ashe waƙa yake yi, ta farko a rayuwarsa, kuma burinsa ɗaya: a rera ta a ƙofar liman ranar Mauludi, sadaka ga maigidansa. Matsalar ita ce muryar Labbo ko awaki ba ta tarawa. Dole sai Haladu.

Ranar kasuwar da ta rage kafin Mauludi, ya baro rumfa tun da hantsi ya tare Haladu a tasha, ya saya masa fura, abin da bai taɓa yi ba.

"Mi ya hwaru, Tela? Wa ya mutu?"

"Waƙa ce wani ya yi. Ina son ka ji."

"Wani wa?"

"Wani dai."

Ya karanto masa a hankali, idonsa a ƙasa:

Na auna mutane tsawo da faɗi,
Kwanan da ya saura ban iya aunawa.
Na ɗinka farin yadi ga na gabana,
Nawa yana tafe, wani ka ɗinkawa.
Ya Rabbi, idan Ka duba ɗinkina,
Rufe karkatata, kar Ka yi farkewa.

Haladu ya ajiye ludayi. Ya gwada rerawa, ya tuntsure a tsakiya. Ya sake, ya sake tuntsurewa.

"Maganar ta shiga jiki. Amma ka gaya ma wani dai, waƙatai ɗingishi takai."

"Bakinka ka ɗingishi. Mu tahi ga keke."

Suna isa rumfa suka tarar da Dija tsaye da lulluɓinta, ga Hammadu mai gyaran kekunan ɗinki yana goge hannu da tsumma.

"Malam, na gaji da wanga ƙaran," in ji Dija. "Tun ina amarya keken ga ka tsallake taku. Na ga ka hita, na kira Hammadu."

"Wani ƙarhe na ya saki daga ƙasa," in ji Hammadu. "Ya daɗe haka. Yanzu taka ka ji."

Labbo ya zauna ya taka. Keke ya tafi sumul, kamar ba shi ba. Ya ɗora waƙarsa a kai, tun a baitin farko ta faɗi. Haladu ya gyara zama. Ya ɗauko wata tsohuwar waƙar wa'azi da Labbo ya daɗe da yanke wa hukunci, ya rera. Ta bi keken tiryan-tiryan. Ya ɗauko wata, ita ma haka. Maƙwabtan rumfa suka fara leƙowa.

"Ashe malaman lahiya lau suke," in ji Haladu. "Ko in ci gaba? Akwai saura da yawa."

Labbo ya dubi Hammadu. "Ana iya maida shi yadda yake?"

"Ni gyara na koya, Baba."

Labbo ya rufe keke da zane. Abin da ya dame shi ba dariyar 'yan kasuwa ba ce. Waƙar da ya yi wa maigidansa ce, an ɗinka ta a kan gurgun taku, ga Mauludi ya ƙarato, kuma kowace kalma ya san wurin da ya sa ta. Ya ce wa Haladu ya manta da zancen.

Ranar Mauludi da la'asar ya je ya zauna can baya, kusa da masu sayar da rake. Haladu ya yi waƙoƙinsa na kullum. Da ya gama, sai ya fara buga tafin hannu a cinya: taku, taku, tsallake. Labbo ya ɗago kai. Takun tsohon kekensa ne, ba ragi ba ƙari. Shekarun da Haladu ya yi a kan bencin nan ana karya masa waƙa, ashe ɗingishin ya zauna masa a kunne.

A kan wannan takun waƙar Labbo ta tafi ba tuntuɓe. Da aka kai wurin farin yadi, tsofaffi suka sunkuyar da kai. Liman ya sa aka maimaita baitin ƙarshe, sannan Haladu ya faɗi wanda aka yi waƙar dominsa, aka yi wa dattijon Anka addu'a. Wani baƙo ya tambaya ko sabon karin waƙa ne daga Sakkwato.

"Daga Anka ya hito," in ji Haladu. "Da ƙahwa guda."

Da aka watse, ya sami Labbo yana share ido da bakin hula.

"To, alƙali, mi ka gani?"

Labbo ya mayar da hular, ya daidaita ta.

"Baiti na biyu ka ja shi da yawa. Ka zo ran kasuwa, akwai gyaɗa."