Kwanar da Ke Hanyar Kawu

Shekara talatin kawuna yana shafa farin fenti a jikin duwatsu, don baƙi masu hawa tsauni su gane hanyar zuwa kufan da ke can sama. Kullum yana tafe da gwangwani da buroshi, kuma ba ya son a koya masa aikinsa.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure mini kai. Da an wuce rusasshiyar ganuwa akwai wani fili sumul, ba ƙaya ba rami, amma alamominsa sai su kauce masa, su yi dogon zagaye, su bi tsakanin wasu duwatsu biyu da ko gwiwa ba su kai ba. Baƙi na haki suna ƙunƙuni. Ni ma wata rana da na raka shi, ƙafata ta yi bororo, haushi ya kama ni, na yanke ta tsakiya.

"Ke! Dawo!" Kawu ya daka mini tsawa.

"Kawu, wai me ke cikin filin nan? Maciji?"

Ya ajiye gwangwanin, ya nuna duwatsun nan biyu. "Ƙofar gidanmu ke nan. Inda kika tsaya kuwa ɗakin kakarki ne. Nan ta haife ni, kafin mu sauko ƙasa."

Na dubi ciyawar da na tattake.

"Don bango ya faɗi sai ki haura wa mutane gida?" in ji shi. "Koma ki shigo ta ƙofa. Ki yi sallama kuma."