Ɗan Ja Na Mangalar Fatake

Duk sanda aka kwance huhun goro na ji ƙanshin ɗanyen ganyen nan, sai raina ya ɓaci, don kawuna nake tunawa.

Ka san ƙananan gizo-gizon nan masu tsalle, waɗanda ba sa saƙa, sai dai su laɓaɓo su dira kan ƙuda? Ina yaro a Zongon Kumasi ni nake tara su cikin 'yan gorunan duma, ba wanda ya koya mini. Kuma wallahi ba iri ɗaya ba ne. Mai ruwan toka na jikin bango ne, kowane gida akwai shi. Baƙi mai farar ɗamara daga kurmi yake zuwa, cikin ganyen goro, da damina. Sai ɗan ja, guda ɗaya tak, na tsince shi a mangalar jakin fatake da suka sauko daga arewa da kanwa. Ayari na gaba nake jira, in samo ɗan'uwansa in tabbatar can ne garinsu.

Ana haka ƙuraje suka feso wa jaririn gidanmu a wuya. Gwaggo ta duba ta ce fitsarin tautau ne. Kowa ya waiwayo kaina.

"Kai, kwaso tarkacen nan," in ji Kawu.

"Kawu, ba tautau ba ne. Dubi manyan idanunsu biyu a gaba. Waɗannan ko saƙa ba sa yi."

"To, malamin ƙwari, yaushe aka yi saukar? Mai ƙafa takwas duk tautau ne."

Na durƙusa na roƙi a bar mini jan kaɗai. Kaka ma ta sa baki, ta ce a sake su bayan danga, ai gizo-gizo ne ya yi wa Annabi saƙa a bakin kogo.

"Inna, wancan mai saƙa ne," in ji Kawu. "Shi da bakinsa ya ce nasa ba sa yi."

Ya watsa gorunan cikin murhu.

Ashe ƙurajen zafi ne, da kansu suka baje. Har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri.

Na bango da na kurmi na sake tara su, suna nan a ɗakina, zo ka gani. Amma yanzu goro jirgin ƙasa yake bi, kaya kuma sai lori, jakunan fatake sun yi wuya a Kumasi. Duk buhun kanwar da aka sauke sai na zazzage shi, 'yan dako suna mini dariya. Ban ƙara ganin ja ba. Ina gaida Kawu kullum, amma ba na zama.