Kashi na Ukun Gwaggo Lami

Kumbotso, biyar da rabi na asuba

Ina idar da sallah na fita. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, aikina koya wa kwamfuta bambance tauraro da galaksi a hotunan sama. Tauraro ɗigo ne tas. Galaksi kuwa, wato tarin taurari mai nisa, dishi-dishi yake fitowa. Akwai wasu hotuna da kwamfutar ta dage tana kwafsawa a kansu. Malamina ya ce shirin da na rubuta wa kwamfutar ne ba kyau, in ban kawo hujja ranar Alhamis ba, sai baɗi zan kare aikin. Baɗi fa!

Hujjar tana ƙauyenmu. Da hutu na buga hotunan a kati mai lamba, na ba Gwaggo Lami, wadda ta shekara talatin tana ware tumatir, don in gwada idon mutum da na na'ura. Na ce kashi biyu, ta yi min uku. Haushi ya sa na yi tsaki, na bar mata su na taho.

Kura, bakwai saura kwata

Bas ta sauke ni bayan mun ɓata minti ashirin a shingen 'yan sanda. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Da na ga takardar da aka naɗe ƙosan da ita, sai na ce a raina: kar dai katunana ma can suka tafi.

"Hajiya, ta bakin kanal za mu bi, titi zagaye ne," in ji mai mashin da na tare, yana nuna magudanar ruwan noman rani.

"Bi ko ta ina, kar dai ka zuba ni a ruwa."

Kilomita goma sha biyu muka yi tsakanin gonakin shinkafa har ƙauyenmu da ke bakin kanal ɗin, ƙugu kamar zai cire.

Ƙauyenmu, gefen Bunkure, takwas da kwata

Na tarar da Gwaggo a gaban kwanduna. Ban gama gaisuwa ba na tambaya.

"Au, 'yar boko, yau sun yi daraja?"

Ta janyo kwalla daga ƙarƙashin gado. Ga su nan, ƙulli uku, kowanne da ƙyallensa! Wallahi zama na yi daɓas, hawaye na zubo min.

"Gwaggo, na ukun nan fa?"

"Ke ko tumatir, akwai nunanne, akwai ɗanye, akwai wanda sai ya kwana kafin a san inda ya dosa. In ce miki na gani alhali ban gani ba?"

Sai da ta tsare ni na ci ɗanwake, sannan ta sallame ni da ledar albasa.

Kumbotso, bayan azahar

Ko mayafi ban cire ba na jera lambobin ƙulli na uku kusa da jerin kurakuran kwamfuta. Kusan duk su ne! Ashe shirin lafiyarsa ƙalau, ni ce na tilasta masa zaɓa a inda hoton kansa bai nuna ba.

Na kira malamina na faɗa masa. Ya ce, "Ƙara wa kwamfutar gurbin 'ban sani ba', ki zo Alhamis. Wace jami'a mai ware katunan nan take?"

Na ce, "Malam, tana bakin kanal."

Alhamdu lillahi da Allah ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Gwaggo, Allah ya ƙara hasken ido, ki yafe min tsakin da na yi ranar nan.