Baba Kimba, Wanda Ya Mayar Wa Zango Da Kalangu

Da hantsi, Baba Kimba kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a Zangon Kumasi, ya jera kalangai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara tsirkiya. Shekara talatin ke nan yana koya wa mutane kiɗa a wurin.

A ƙarshen 1969 dokar korar baƙi ta kwashe makaɗan unguwa kaf, suka hau manyan motoci a tashar Kejetia, suka bar ƙasar. Shi kaɗai ya rage, ga ciwo ya sa hannunsa na dama ya fara rawa, ba ya iya kiɗa. Ƙaramar Sallah ta wuce shiru kamar ana zaman makoki. Ya ce ba za a yi Babba haka ba, ga shi saura wata biyu.

Waɗanda ya samu ba su taɓa riƙe gula ba, wato sandar kiɗa. Akwai Osmanu ɗan dako, da Sanni tela. Ranar farko Osmanu ya maka wa kalangu gula, fatar ta fashe.

"Osmanu, buhun masara ka ɗauke shi?" in ji Baba Kimba.

"Baba, a hankali fa na taɓa."

"Allah Ya raba mu da ranar da za ka buga."

Ya karɓe kalangun, ya sa masa nunanniyar ayaba a hammata. Ya ce ya matsa, ya saki, kada ta fashe, domin hammata ce ke ɗaga muryar kalangu ta sauke ta. Sahadatu mai koko, da ke kallo daga tsallake, ta ce sai da Osmanu ya dagargaza ayaba goma sha ɗaya kafin rigarsa ta koma gida da tsabta. Shi kuwa Sanni, sai da ya rera kowane kiɗa da baki, kafin aka bar shi ya taɓa fata.

Ranar Babbar Sallah, da aka sauko daga idi, su biyu suka fito gaban jama'a. Kiɗan farko ya ɗan karkace, na biyu ya zauna daram. Mahauta suka yar da wuƙaƙe suka shiga fili. Tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi suna rawa suna share hawaye.

Kai ne, Baba, ka tsaya a gefe, hannu a aljihu, ka bar musu filin. Mun gode, uban makaɗa. Allah Ya ƙara maka lafiya.

Duk mai sana'a a hannu, kada ya jira gwani ya zo. Ya kira wanda ke tsaye a ƙofarsa, ya ce masa, "Zo ka zauna."