Mai Taya a Wuya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga wata, bayan Azahar, ƙanwarka ta tsaya a bakin rumfata ta ce ka cika a asibiti. Ban san sa'ad da guduma ta faɗi daga hannuna ba.

Ni mai faci ne, ban san wasan kwaikwayo ba sai a kanka, Malam. Ranar da ka zo sayen tsohuwar taya na tambaye ka ina motar, ka ce, "Ai ni ne motar." Washegari na gan ka a mararrabar kasuwa, taya a wuyanka, kana miƙa wa duk mai wucewa ashana, ba ka cewa uffan. Wasu suka ce ka zare, wasu suka jefe ka da ɓawon lemo. Daga baya na ji cewa a wurin aka ƙone ƙaninka bayan an yi masa ihun ɓarawo, ko sunansa ba a tambaya ba.

Shekara da shekaru kana wannan tsayuwa duk ranar kasuwa. In ka gama sai ka wanke fuska a bahon da nake gwada tiyub, ka saya mana shayi, kana tsokanata wai da gangan na zaɓa maka tayar da ta fi nauyi.

A gadon asibiti ka tambaye ni, "Abokina, ka ga ya yi amfani kuwa?" Na ce Allah ne masani, domin ba ni da abin nuna maka.

Jiya aka sake ihun ɓarawo. Samari suka yo rumfata neman taya, na zauna a kan tayoyina na ce sai dai su haɗa da ni. Mai fetur ya kulle jarkokinsa, mata masu kayan miya suka kewaye mutumin da aka kama don su kare shi. An fasa masa kai, ya rasa haƙora, amma yana raye. Ga amsarka, ta zo ba ka nan, kuma abin yana cin raina.

Na je na gaya wa mahaifiyarka. Ta ce, "Ina ma ya ji, ɗan nan."

Allah ya ba ta haƙuri, ita da ƙanwarka. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya nisanta ka da wuta.